CIWON DAJIN BAKI: YADDA YA KE ƘETARE IYAKA

Jama'a, karatunmu na yau a kan baki ne. Da baki mu ke ci, da shi mu ke sha, da shi mu ke gaisawa, da shi kuma mu ke karatu. Akwai wani ciwo mai kama baki wanda ya kamata kowane maigida da kowace uwargida su san shi. Sunansa ciwon dajin baki. Waɗansu su kan ce sankarar baki.

Wannan ciwo ya kan fara ƙarami ƙwarai. Wani lokaci ɗan gyambo ne a gefen harshe. Wani lokaci farin tabo ne ko ja a cikin kunci, ko a dasashi, ko ƙarƙashin harshe. Da fari sau da yawa ba ya zafi, don haka mutum ya kan raina shi. Amma ba ƙaramin gyambon nan ke kisa ba. Tafiyarsa ita ke kisa. Muddin yana zaune inda ya fara, likita na iya cire shi. In ya tashi ya shiga jiki, aiki ya yi wuya. To, yau za mu ga abin da ke tashe shi, da hanyar da ya ke bi, da abin da za mu yi kafin ya tashi.

1. GIRMAN ABIN

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi lissafi. A shekarar 2022 mutum kusan 390,000 suka kamu da dajin baki da na leɓe a duniya. A cikin shekarar nan kuwa mutum kusan 188,000 ya kashe. Ya fi kama maza, ya kuma fi kama waɗanda suka wuce shekara 40, ko da ya ke mata da samari ma ba su tsira ba.

Kada mu rikita shi da ciwon nan mai cin kumatun ƙananan yara da sauri, wanda likitoci ke kira noma. Mutane su kan ce da shi ma ciwon daji, amma dabam ya ke. Shi noma yunwa da ƙwayoyin cuta ke kawo shi, akwai kuma asibitinsa musamman a Sakkwato tun 1999. Wanda mu ke magana a kansa yau daga jikin mutum kansa ya ke tasowa.

2. TUBALAN JIKI

In ka hangi katanga daga nesa, sai ka ga kamar abu guda ce. In ka matso, sai ka ga tubali ne aka jera. Haka jikin mutum ya ke. An gina shi da waɗansu 'yan mitsi-mitsin abubuwa masu rai, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Su ne ƙwayoyin jiki.

Cikin baki akwai wata fata mai laushi da ta lulluɓe harshe da kunci da dasashi. Ƙwayoyinta a jere su ke, hawa bisa hawa. Na ƙasa su kan rabu biyu su haifi sababbi. Na sama su kan tsufa su zube cikin miyau. Cikin 'yan makonni fatar duka ta sabunta. Shi ya sa in koko mai zafi ya ƙona ka a baki, kwana kaɗan ka warke. Daga cikin dajin baki 10, kamar 9 a wannan fata su ke farawa.

3. RUBUTUN DA KE CIKIN ƘWAYA

Wa ke gaya wa ƙwaya ta rabu? Wa ke gaya mata ta tsaya? Allah cikin ikonsa ya sa wani rubutu a cikin ƙwayar. Rubutun nan yana jikin wani zare siriri ƙwarai, wanda za mu kira zaren gado. In da za a warware zaren ƙwaya guda, tsawonsa zai kai mita 2, watau kamar kamu 4. An naɗe shi ƙulli 46. Ƙulli 23 daga uwa, 23 daga uba.

Rubutun nan da haruffa 4 kaɗai aka yi shi. Masana sun laƙaba musu A, C, G da T. Amma an jera su sun kai miliyan 3,000 daga wajen uwa, da kamar haka daga wajen uba. A shekarar 1953 waɗansu masana biyu, Watson da Crick, suka gane siffar zaren a Ingila, da taimakon hotunan da wata masaniya, Rosalind Franklin, ta ɗauka. A shekarar 2003 aka sanar an gama karanta yawancin rubutun ɗan Adam.

Rubutun a rarrabe ya ke, yanki yanki. Kowane yanki yana ɗauke da umurni guda. Masana su kan kira shi ƙwayar gado. Don kada mu rikita shi da ƙwayar jiki, a nan za mu ce saƙon gado, ko saƙo kawai. Mutum yana da saƙo kamar 20,000. Wani ya ce, "Rabu." Wani ya ce, "Tsaya." Wani ya ce, "Riƙe maƙwabcinki." Masana sun ba kowanne suna da haruffa da lamba, kamar lambar mota.

Mu 'yan makaranta mun san ƙarfin harafi guda. Rubuta baki. Yanzu lanƙwasa kan k, ya zama baƙi. Rubuta kafa, ka lanƙwasa, ya zama ƙafa. Ga wani misali kuma. Maigida ya aika da takarda ya ce, "Kada ka tafi." Ruwa ya zuba a kan kalmar farko ta goge. Me ya rage? "Ka tafi." Kun gani, umurni ya juye.

Duk sa'ad da ƙwaya za ta rabu, sai ta kwafi rubutun nan duka, kamar yadda mu ke kwafa daga allo. Wani lokaci a kan yi kuskure. Yawancin kurakuran ƙwaya ta kan gyara da kanta. Wanda ya kuɓuce, shi ke zama, 'ya'yan ƙwayar su gaje shi.

4. IYAKAR DA KE CIKIN BAKI

Mu mutanen Magama ba sai an koya mana iyaka ba. Motar da ta taso daga Katsina za ta Maraɗi, dole ta tsaya a nan. Ga 'yan kwastan, ga ma'aikatan shige da fice. Sai an duba takardu kāna ta wuce Ɗan Isa. Mun kuma ga yadda a ke rufe iyaka, kamar a 2019 da 2023, motoci su yi jerin gwano ba mai wucewa.

To, a cikin baki ma akwai iyaka. Ƙarƙashin fatar nan mai laushi akwai wata shimfiɗa siririya, saƙaƙƙiya kamar tabarma, mai ƙarfi. A kanta ƙwayoyin fata su ke zaune. A ƙarƙashinta kuwa akwai nama, da jijiyoyin jini, da hanyoyin ruwan jiki, da jijiyoyin da ke kai labarin zafi. Watau duk manyan hanyoyin tafiya suna ƙetaren iyaka. A sama babu ko ɗaya.

Ita wannan iyaka kullum a rufe ta ke ga ƙwayoyin fata. Ba su da takardar wucewa. Ko da waɗansu sun lalace sun yi yawa, muddin suna saman shimfiɗar, ba su da hanyar zuwa wuya ko huhu. Ranar da suka huda ta, ran nan ciwo ya zama daji mai tafiya. Ku riƙe wannan da kyau, don shi ne cibiyar karatunmu.

5. ABIN DA KE ƁATA RUBUTU

Babban mai ɓata rubutun baki shi ne taba, kowace iri ce: sigari, da lofe, da shisha, da taba gari wadda a ke zubawa a leɓe ko a kunci. Hayaƙin taba yana ɗauke da abubuwa kamar 70 masu kawo daji. A shekarar 1996 masana a Amurka suka nuna ɗaya daga cikinsu yana manne wa zaren gado, daidai kan wani saƙo mai tsaron ƙwaya. Taba gari kuwa, ko da ba hayaƙi, tana da nata dafin, ga shi tana daɗewa a wuri guda tana jiƙa fata.

Na biyu giya ce, ko ta kwalba ko burkutu. A cikin jiki ta kan juye ta zama wani dafi mai ɓata zaren gado. Wanda ya haɗa taba da giya, haɗarinsa ya ninka ƙwarai.

A ƙasar Indiya da maƙwabtanta dajin baki ya yi yawa, saboda suna tauna 'ya'yan wani itace dangin kwakwa, sau da yawa haɗe da taba. Wannan ba goronmu ba ne, wani itace ne dabam. Akwai kuma wata ƙwayar cuta mai suna HPV, wadda ta fi kawo daji can cikin maƙogwaro da gindin harshe. Ita ce kuma ke kawo dajin bakin mahaifa. Zafin rana ma ya kan ɓata leɓen ƙasa, musamman ga zabiya.

Wani zai ce, "Tun da an ce saƙon gado, ashe gadonsa a ke yi?" A'a. Ɓarnar nan a ƙwayoyin baki kaɗai ta ke faruwa, bayan an haifi mutum, a hankali cikin shekaru. Ba ta shiga iri, don haka uba ba ya ba ɗansa ita. Dajin baki kuma ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare, ko ta shan ruwa a moɗa guda. Kada a guji mai ciwon.

Hausawa suka ce, a juri zuwa rafi, wata rana tulu zai fashe. Kuskure guda ba ya kawo daji. Sai sun taru, wannan bisa wancan. A shekarar 1953 wani likita a Amurka, Danely Slaughter, ya duba naman masu dajin baki 783. Ya tarar fatar da ke kewaye da ciwon ita ma ta soma lalacewa, ko da ido yana ganinta lafiya lau. Watau taba ba shuka guda ta ke ɓatawa ba, gonar duka ta ke ɓatawa. Shi ya sa wanda aka yi wa magani ya warke, in ya koma wa taba, wani sabon daji na iya tsirowa kusa da na farko.

6. MAI GADI, DA BIRKI, DA TOTUR

Kafin ƙwaya ta yi tafiya, sai ta fara kangarewa a gida. Saƙonni uku za mu ambata.

Na farko TP53. An gano shi a 1979. Shi ne mai gadi. In rubutu ya ɓaci, shi ke tsai da ƙwaya har a gyara. In ɓarnar ta fi ƙarfin gyara, sai ya umurci ƙwayar ta mutu, don sauran jiki ya tsira. A shekarar 2015 masana a Amurka suka ba da labarin rubutun gado na dajin kai da wuya na mutum 279. Cikin waɗanda ba HPV ce ta kawo musu ba, fiye da 8 cikin 10 mai gadin nan ya lalace. Ita kuwa HPV ba ta ɓata rubutunsa, amma tana hana shi aiki.

Na biyu CDKN2A. Shi ne birki. Shi ke hana ƙwaya rabuwa ba lokaci ba.

Na uku EGFR. Shi ne totur. Shi ke karɓar kiran da ke cewa, "Ku yi yawa." A yawancin dajin baki aikinsa ya kan wuce kima.

Ku tambayi kowane direba a tasha. Mota ba birki, totur ya maƙale, mai gadin hanya kuma ba ya nan, ina za ta tsaya? Haka ƙwayoyin nan su kan yi ta rabuwa, su taru su zama tabo ko tsiro. Amma har yanzu suna cikin iyaka.

7. YADDA A KE ƘETARE IYAKA

Ƙetarewa aiki huɗu ne, kowanne da saƙonsa.

Aiki na farko, sakin hannu. Ƙwayoyin fata a manne su ke da juna, kamar tsintsiya mai maɗauri ɗaya. Saƙon da ke yin wannan maɗauri sunansa CDH1. Wani masani ɗan ƙasar Japan, Masatoshi Takeichi, shi ya gano irin wannan abin mannewa. Akwai kuma waɗansu saƙonni, SNAI1 da TWIST1, masu iya rufe bakin CDH1. A shekarar 2000 masana a ƙasar Sifen suka nuna SNAI1 yana yin haka. A 2004 waɗansu a Amurka suka nuna, a jikin ɓeraye, in aka kashe TWIST1 daji ya kan kasa yaɗuwa zuwa huhu. Da maɗauri ya kwance, sai ƙwaya ta sake siffa. Dā tana zaune daram kamar tubali. Yanzu ta miƙe, ta soma rarrafe.

Aiki na biyu, huda shimfiɗa. Saƙonni biyu, MMP2 da MMP9, su ke yin wani abu mai cin saƙar shimfiɗar, kamar yadda gara ke cin zana. An fara ganin irin wannan abu a 1962, ba a jikin mutum ba. Masana biyu, Gross da Lapiere, suna neman yadda ɗan kwaɗo ke rabuwa da wutsiyarsa in ya girma, sai suka tarar da abin da ke narkar da ita.

Aiki na uku, neman 'yan gari. Sai da ɗan gari a kan ci gari. A ƙetaren iyaka akwai ƙwayoyi lafiyayyu masu saƙa nama, da waɗansu masu yaƙi da cuta. Daji ya kan aika musu da kira irin na rauni. Su kuwa su ɗauka gyara a ke yi, su zo taimako. Sai su share masa hanya cikin nama, su ƙara masa abin huda, har su hana sojojin jiki taɓa shi.

Aiki na huɗu, jawo hanya. Tsiro ba ya iya wuce girman ƙwayar gero sai ya sami jini. Wani likita a Amurka, Judah Folkman, ya bayyana wannan a 1971. Saƙon da ke kiran sababbin jijiyoyi sunansa VEGF. Wani irinsa yana jawo jijiyoyin jini, wani yana jawo hanyoyin ruwan jiki. Hanyar da ta kawo abinci, ita ce kuma hanyar fita.

Ga wani abin lura. Waɗannan saƙonni na tafiya ba mugaye ba ne. Da su a ke gina jariri a cikin ciki. Da su rauni ke haɗewa: in ka ciji harshe, ƙwayoyin bakin raunin su kan saki juna, su rarrafa su rufe shi, sa'an nan su koma su zauna. Sau da yawa daji ba ya ɓata haruffan waɗannan saƙonni. Buɗe su ya ke yi ba lokaci ba, ya kuma ƙi rufewa. Kayan aikin gida ne suka faɗa hannun ɓarawo.

Saboda haka likitoci ba faɗin ciwo kaɗai su ke aunawa ba, har da zurfinsa. Tun 2018 ƙa'idar da a ke bi ta ce, in zurfin dajin baki ya wuce milimita 5, matakinsa ya hau. In ya wuce milimita 10, ya sake hawa. Milimita 5 kuwa bai fi ƙwayar dawa da yawa ba. Milimita 10 kamar tsawon ƙwayar wake ne. Kun ga ɗan taƙin da ke tsakanin sauƙi da wuya.

8. INA YA KE ZUWA?

Da ya ƙetare, ya kan ci naman da ke kusa. In ya shiga naman harshe, harshe ya yi nauyi, magana da haɗiya su yi wuya. In ya kai ƙashin muƙamuƙi, haƙora su yi ta girgiɗi ba dalili. In ya bi jijiya, leɓe ya mutu, ko kunne ya riƙa ciwo alhali kunnen lafiya ya ke.

Zangonsa na farko a nesa shi ne wuya. Hanyoyin ruwan jiki na baki duk a wuya su ke zubawa, cikin waɗansu 'yan ƙulle-ƙulle masu tacewa. Su ne ke kumbura mu ce kaluluwa. Aikinsu kamar shingen bincike ne a kan hanya. Kaluluwar da miki ko ciwon haƙori ya kawo ta kan yi zafi, ta sace cikin 'yan kwanaki. Ta daji kuwa tauri gare ta, sau da yawa ba zafi, ba ta sacewa, sai ƙaruwa. Likitoci sun ce in dajin baki ya kai kaluluwar wuya, begen warkewa ya ragu da kamar rabi.

Daga nan ya kan shiga jini. Yawancin ƙwayoyin da suka shiga jini su kan mutu a hanya. Kaɗan ke tsira, su sauka a huhu, ko ƙashi, ko hanta. A 1889 wani likitan Landan, Stephen Paget, ya kwatanta abin da iri da ƙasa. Iska na watsa iri ko'ina, amma sai inda ƙasa ta karɓe shi ya ke tsirowa. Kowane manomi ya san wannan.

9. AMFANIN WANNAN SANI

Amfaninsa shi ne mu gane akwai lokaci. Daga farin tabo zuwa ƙetare iyaka a kan ɗauki watanni, ko shekaru. Baki kuwa ba kamar hanta ba ne. Buɗe shi a ke yi a gani.

Ga lissafin Amurka na dajin baki da maƙogwaro. In an same shi bai bar inda ya fara ba, fiye da mutum 80 cikin 100 su kan kai shekara 5 da rai. In ya riga ya kai nesa, ba su cika 40 cikin 100 ba. Wannan a ƙasar da ke da kayan aiki ke nan.

A jihar Kerala ta Indiya an yi wani gwaji daga 1996. Ma'aikatan lafiya suka bi gida gida suna duba bakin mutane da fitila kawai. A 2005 aka ba da sakamako: cikin masu shan taba ko giya, mutuwa daga dajin baki ta ragu da kamar kashi ɗaya cikin uku.

Masana sun yi ƙoƙarin yin magani daga sanin saƙonnin nan. A 2006 aka yarda da wani magani a Amurka mai danne EGFR. Yana taimako, amma da tsada, kuma ba shi kaɗai ke warkarwa ba. An kuma gwada magungunan hana MMP huda a shekarun 1990, ba su biya bukata ba. Har yanzu babban magani shi ne fiɗa, a cire ciwon da ɗan naman da ke kewaye, a bi da gashi na na'ura in da bukata. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

10. ABIN DA ZA MU YI

Na ɗaya, mu bar taba da giya. Wanda ya bari, haɗarinsa ya kan yi ta raguwa shekara bisa shekara. Dokar Nijeriya ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba taba. Kada mu aiki yaro sayen ta.

Na biyu, mu duba bakinmu sau ɗaya a wata. A wanke hannu, a sami madubi da haske. A dubi leɓe ciki da waje, da kunci, da dasashi. A fito da harshe a dubi gefe da gefe, a ɗaga shi a dubi ƙarƙashi. A shafa wuya. Miji ya duba wa matarsa, ɗa ya duba wa tsohonsa.

Na uku, mu san alamu: gyambon da ya kai mako 3 bai warke ba, farin tabo ko ja wanda ba ya gogewa, tsiro ko tauri a baki, jini ba dalili, haƙori mai girgiɗi ba dalili, kaluluwa mai tauri a wuya. Ba duk mai waɗannan ke da daji ba. Yawanci ma wani abu ne mai sauƙi. Amma likita kaɗai zai rarrabe.

Na huɗu, mu tafi asibiti da wuri. A fara da asibitin Jibiya ko ɗakin shan magani na kusa. In sun ga dalili, su aika da mutum Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, inda aka buɗe cibiyar ciwon daji a 2025. Akwai kuma manyan asibitocin koyarwa a Shika ta Zariya, da Kano, da Sakkwato. 'Yan'uwanmu na ƙetare suna da babban asibiti a Maraɗi, da cibiyar ciwon daji a Yamai. Kuɗin mota zuwa Katsina yau ya fi sauƙi a kan sayar da gona baɗi.

Na biyar, kada mu ji tsoron gwaji. Likita zai gutsuri ɗan nama kaɗan a duba da madubi, a ga ko ƙwayoyin sun ƙetare shimfiɗa. A kan ce wai daji ba ya son allura ko ƙarfe. Ba haka ba ne. Abin da ya sa a ke faɗin haka, mutane ba su kan je asibiti ba sai ciwo ya riga ya yi nisa, sa'an nan a ɗora wa allura laifi. Jinkiri shi ne mai laifin. Kada kuma a kai wa wanzami ya yi sakiya, kada a ƙona da kanwa ko wani magani mai ci. Saman ciwon kaɗai za a taɓa, na ƙasa yana ta tafiyarsa. Mu yi addu'a, mu kuma nemi magani, duka biyu tare.

Na shida, mu kai 'yan mata rigakafin HPV. Nijeriya ta fara ba da shi kyauta a 2023 ga 'yan shekara 9 zuwa 14, ya iso Jihar Katsina a 2024. A tambayi malaman asibiti.

Wanda ya ji wannan karatu ya kai shi gida, ya kai shi tasha da kasuwa. Mai yiwuwa akwai wanda ke zaune kusa da kai da gyambon da ya ƙi warkewa, yana jin kunyar faɗi. Ka karanta masa, ka raka shi asibiti.

SABABBIN KALMOMI

ƙwayar jiki, zaren gado, saƙon gado, shimfiɗa, kaluluwa, milimita

TAMBAYOYI

1. Haruffa nawa aka yi rubutun gado da su?
2. Me ke ƙarƙashin shimfiɗar da ke cikin baki?
3. Mene ne aikin TP53?
4. Faɗi ayyuka huɗu da ƙwayar daji ke yi don ta ƙetare iyaka.
5. Yaya za ka rarrabe kaluluwar miki da wadda ya kamata a nuna wa likita?
6. Ana gadon dajin baki? Ana ɗaukarsa ta cin abinci tare?
7. Mako nawa gyambon baki zai yi kafin a kai shi asibiti?

AIKIN RUBUTU

Kowa ya kwafi wannan a littafinsa sau 3, ya lura da ƙ da k:

Gyambon baki in ya kai mako 3 bai warke ba, a kai shi asibiti kafin ya ƙetare iyaka.